Na yi hayar fim a kwamfuta, talabijin ta ƙi nuna hoto

Baban Yara: Salamu alaikum 'yan'uwa. Daren jiya na yi hayar fim a kwamfuta, na ce bari in tura allon zuwa talabijin mu kalla da yara. Murya na fita sarai, amma hoto baƙi ƙirin. Da na dawo kan kwamfuta sai ga fim yana tafiya lafiya lau. Abin haushin, tunda na riga na kunna, awa 48 ɗin hayar ta fara ƙirga. Wa ya taɓa cin karo da wannan?

Auta: Wa alaikumussalam Baba. Ni har na fara zargin talabijin ɗina ta lalace. Ashe tsohon allon da na jona wa kwamfutar da wayar VGA ne sanadi. Ko kallo ba a kansa nake yi ba, jone kawai yake. Ina zare shi hoto ya fito.

Malam Injiniya: Ba lalacewa ba ce, tsaro ne da ake kira HDCP, wanda kamfanin Intel ya ƙirƙiro don hana kwafar fim a hanya. Kafin hoto ya wuce ta HDMI, wato wayar da ke kai hoto da murya zuwa talabijin, sai kwamfuta da talabijin sun gaisa sun tabbatar da juna, haka duk wata na'urar da ke tsakaninsu. Ɗaya ta kasa amsawa, an rufe ƙofa. VGA, tsohuwar wayar jona allo, ba ta san wannan gaisuwar ba sam, shi ya sa Auta ya sha wahala. Fim mai 4K kuwa, wato mai tsananin kyan hoto, sai kowace na'ura tana da samfurin HDCP 2.2.

Baban Yara, naka daban ne kaɗan. Tura allo gaba ɗaya tamkar ɗaukar hoton fim ɗin ne, abin da aka hana kenan. Ka shiga manhajar da ka yi hayar a talabijin ɗin da asusunka, ko ka danna alamar turawa da ke cikin manhajar kunna fim ɗin kanta. Ta haka talabijin ce za ta jawo fim ɗin daga intanet da kanta.

Hajiya Babba: Malam, ni fa hoton ya fito, sai dai dishi-dishi, alhali na mai kyau na biya. Wata 'yar na'urar raba HDMI gida biyu ce a tsakani. Da na jona kai tsaye ya washe. Wanda ya biya kuɗinsa shi ake wahalarwa, wannan kam ban gane adalcinsa ba.

Auta: Yanzu ni sai na gama jone-jonena kafin in danna kunnawa, tunda galibi ana ba da kwana 30 kafin a fara. Sai dai tallar fim ba ta zama gwaji, sau biyu tana fitowa fim ɗin ya ƙi.

Baban Yara: Na gode Malam, Allah ya ƙara ilimi. Na shiga ta manhajar talabijin, ya buɗe. Saura awa 26, yara na dawowa za mu kalla.