Me za mu kira maganin da ake ɗiga wa ruwan kifin ado?

'Yan uwa masu kiwon kifin ado a akwatin gilashi, ku zo mu yanke shawara. Ƙaramar kwalbar nan da ake ɗigawa a ruwan famfo kafin a zuba wa kifi, Turawa na ce mata dechlorinator. Mu fa?

Abin ya dame ni ne tun ranar da na canza wa kifayena ruwa kai tsaye daga famfo. Kafin la'asar duk sun taso sama suna buɗe baki kamar masu haki, da safe na kwashe biyu a mace. Kulorin da ake sa wa ruwa don ya kashe ƙwayoyin cuta alheri ne gare mu, amma yana ƙona jan naman nan na gefen kan kifi da yake numfashi da shi. Har ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a matatar akwatin ba ya ƙyalewa.

Wani ya ce "maganin tace ruwa". Ban yarda ba. Tacewa aikin alif ne da ƙyalle, laka ake fitarwa. Ruwan famfo kuwa garau yake, dafin ba ya ganuwa.

Wata ta kawo "kwanannen ruwa", kuma tana da hujja: in ka tara ruwa a buɗaɗɗen bokiti ya yi awa 24 zuwa 48, kulorin yakan bi iska. Sai dai wannan sunan dabara ne, ba sunan magani ba. Kuma wasu garuruwan, musamman a Amurka, kuloramin suke sawa, wato kulorin haɗe da amoniya. Shi ko ya kwana bakwai yana nan daram.

Ni dai na tsaya a kan MAKARIN KULORIN. Kalmar tamu ce tun kaka da kakanni: makarin dafi, makarin guba, makarin sammu. Makari ba ya kwashe abu, karya ƙarfinsa yake yi. Haka sodiyam tayosalfet, sinadarin da ke cikin yawancin kwalaben nan, yake yi wa kulorin cikin 'yan mintuna. In kuloramin ne, sinadarin kan karya kulorin ya bar amoniya a ruwan, sai a nemi makarin da ke ɗaure amoniyar da ta saura, irin wanda ake sayarwa da sunan Seachem Prime.

Gwada shi a baki: "Ka sa makari kafin ka zuba?" Ko yaron da ke taya ni wanke akwatin ya gane nan take, bai tambaye ni komai ba.