Shawarwarin magidanta kan karanta labaran zane bayan tashi daga aiki

A wata tattaunawa da wasu magidanta ma'aikata suka yi, shawarar da ta fi ƙarfi ita ce uba ya ware minti 15 bayan sallar isha'i ya karanta labarin zane maimakon latsa waya, domin 'yan hotuna huɗu sukan sauke gajiyar da doguwar hira ba ta saukewa.

An fi daɗewa kan Calvin and Hobbes, labarin zane na wani yaro mai ƙiriniya da ake kira Calvin, wanda Bill Watterson ya zana a jaridun Amurka daga 1985 zuwa 1995. Wani daga cikinsu ya ce yana saurayi yaron nan ɗan shekara 6 yake goya wa baya, amma yanzu uban yake tausayawa, lauyan da yakan dawo daga ofis ya tarar an birkita masa gida. Ya ce tun daga nan, idan ya ga ƙaramin ɗansa ya zane bangon falo da gawayi, yakan tuna cewa shekarun ƙiriniya ba su da yawa, sai ya gode wa Allah kafin ya yi faɗa. A ganina wannan ne ya fi komai amfani cikin zancen.

Wasu sun ƙara da cewa a riƙa karantawa tare da yaran, bayan uba ya fara duba littafin shi kaɗai.