Rabin kuɗin zane ga mai gidan baje koli: haƙƙinsa ne ko cin gumi?

Mai zane: Jama'a, ina nan kan bakana. A ce ƙaramin gidan baje kolin zane ya karɓi kashi 50 cikin 100 na duk aikin da aka saya, wannan cin gumi ne. Ni na sayi fenti da ƙyalle, ni na kwana a tsaye. Ga Instagram, mai saye yana samuna kai tsaye. To me gidan ya tsinana min?

Mai gidan baje koli: Ƙanena, rabin nan ba aljihuna yake faɗawa ba. Haya, wuta, inshora, dakon kaya, mai ɗaukar hoto, fentin bango kafin kowane nuni, duk daga cikinsa ake cirewa. Nuni yakan yi wata guda ko fiye, kuma akwai wanda ake saukewa ba a sayi ko ɗaya ba. Ranar kai ka kwashe aikinka ka tafi, ni kuwa mai haya yana jirana.

Malamar zane: Ku dubi abin da ya faru a 1962. Gidan Ferus da ke Los Angeles, ɗan ƙaramin wuri, shi ya fara nuna zanukan gwangwanin miyar Campbell guda 32 na Andy Warhol, mai zane ɗan Amurka, kowanne a kan dala 100. Ƴan kaɗan aka saya, mutane suka yi ta dariya. Irving Blum, mai kula da gidan, ya ga bai kamata a raba su ba, ya karɓo waɗanda aka yi cinikinsu, ya riƙe duka a kan dala 1,000. A 1996 suka shiga gidan adana zane na MoMA a New York. Da ba a sami mai ido ya tsaya musu ba, da sun watse gida-gida.

Mai zane: Malama, da girmamawa, hujjata kika kawo. Dala 1,000 Warhol ya samu, Blum ya karɓi dala miliyan 15 daga MoMA.

Malamar zane: Bayan shekara 34, ɗana. Kuma a lokacin babu wanda ya yi rububin ba shi bango.

Ɗaliba: Ni abin da ke damuna a batun Instagram daban ne. Ku ɗauki aikin El Anatsui, ɗan Ghana, wanda yake ɗinke murafan kwalba da wayar tagulla. A waya sai ka ɗauka ƙyalle ne mai walƙiya kawai. Amma in ka tsaya gabansa, za ka ga kowane murfi an buge shi ya baje, an huda gefensa, ga rubutun kamfani bai goge ba, ga ninkin yana sauya launi in ka matsa taku biyu. Wannan sai da bango da fitila. Kuma October Gallery ta Landan, wadda aka buɗe a 1979, ta daɗe tana nuna shi kafin a ba shi kyautar Zinariyar Zaki a babban bikin zane na Venice a 2015, kafin kuma Tate Modern, babbar ma'adanar zane ta Landan, ta ba shi babban zaurenta a 2023.

Mai gidan baje koli: Allah ya yi miki albarka. Ga inda ya fi ciwo: ka raini mai zane shekara da shekaru, ranar da sunansa ya fito sai babban gida ya ɗauke shi. Su kansu manyan sun san haka. A 2018 David Zwirner, mai ɗaya daga cikin manyan gidajen baje koli, ya ce a shirye yake ya biya ƙarin kuɗin rumfa a kasuwannin zane don a rage wa ƙanana, kuma daga 2019 Art Basel, babbar kasuwar zane ta duniya, ta sassauta wa masu ƙananan rumfuna.

Mai zane: Hajiya, ban musa wahalarki ba. Amma akwai gidan da ya sayar da aikina, sai a bakin wani na ji, kuɗina kuma sai da na yi ta sintiri. Har yau an ƙi faɗa min wanda ya saya. In za a karɓi rabi, a rubuta a takarda: ranar biya, sunan mai saye, da wanda zai ɗauki ragin da aka yi masa.

Mai gidan baje koli: Ranar biya da batun ragi, na sa hannu yau. Sunan mai saye kuwa ina tsoro, domin an taɓa zagaye ni ta nan.

Mai zane: To a sa a takardar cewa duk cinikin da ya biyo ta hannunki, kasonki yana nan ko a ɗakin aikina aka yi shi. Amma sunan dole in sani.