Kumfa na ambaliya daga bututun injin wankina, a taimaka mini da shawara

Maman 'Yan Biyu, Tumfure, Gombe

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka, ya damina?

Wata matsala ce ta sa ni a gaba kusan wata guda ke nan. Ina da injin wanki mai ƙofa a gaba, irin mai gilashin nan, mai cin kilo 7. Baban yara ne ya sayo mini bayan na haifi 'yan biyu, da ya ga wankin ya fi ƙarfina. Mun ajiye shi a ɗan lungun da ke tsakanin kicin da banɗakin tsakar gida. Wanda ya haɗa mana ya jawo ruwa daga tankin sama, ya kafa wani farin bututu a tsaye jikin bango, ya zura tiyon injin a ciki, ya naɗe bakin da baƙin salatef.

Duk tsawon rani lafiya lau muke, sai dai jefi-jefi in ga 'yar kumfa a bakin bututun in goge. Amma tun da ruwa ya sauka abin ya canza. Da zarar injin ya fara zubar da ruwan wankin farko sai in ji bututun yana gurnani, kumfa ta tsattsago ta gefen salatef ɗin, sannan ta ɓullo ta rariyar banɗaki, fara sol kamar an zazzage buhun auduga. Kafin in ɗauko tsumma ta malalo har ƙofar kicin. Shi kuma injin sai ya rubuta "Sud" a fuskarsa ya tsaya cik, wankin awa ɗaya ya koma kusan awa biyu, wani lokaci har a ɗauke wuta kayan suna ciki.

Abin da ya sa na kasa haƙuri shi ne ranar Asabar babbar 'yata ta fito da gudu, santsi ya kwashe ta a kan tayil, ta bugu a gwiwar hannu. Allah ya taƙaita. Kuma soket ɗin da injin yake ciki a ƙasa yake ajiye, kumfar ta kusa taɓa shi. Tun ranar ban sake kunnawa ba, da hannu nake ta fama, ga kayan jarirai biyu ga na 'yan makaranta.

Omon da nake sawa na awo ne da nake saye a kasuwa, shi nake wankin hannu da shi tun da can. Gwangwanin madara ɗaya nake cikawa, idan kayan makaranta ne in ƙara rabi. Don Allah injin ne ya lalace, ko bututun ne ya toshe? Maƙwabciyata ta ce in riƙa watsa gishiri a kan kumfar. Wanda ya san abin ya taimaka mini, Allah ya ba da lada.

Uwargida, Fadaman Mada, Bauchi

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da hidima, Allah ya raya mana 'yan biyu, ya ba yayarsu lafiya.

Ki kwantar da hankalinki, da wuya a ce injinki ne ya lalace. Wannan rubutun da yake miki ai magana yake yi, cewa yake kumfa ta yi masa yawa, shi ya sa yake tsayawa ya jira ta kwanta. Ni ma na sha wannan wahalar shekarar da na fara amfani da irin naki.

Gwangwanin madara fa ya kai cokalin cin abinci goma, in kin ƙara rabi sha biyar ke nan. Ya yi yawa ƙwarai. Mu da muka tashi da wankin baho, an saba mana cewa in ba ki ga kumfa ta taso har gwiwar hannu ba to wanki bai yi ba. Injin mai ƙofa a gaba ba haka yake aiki ba. Ki leƙa ta gilashin ki gani, ruwan da yake ɗiba ɗan kaɗan ne a ƙasa, ɗaga kayan yake yi sama ya sako su su bugu, wannan bugun shi ne cuɗar. In kumfa ta cika cikinsa sai kayan su riƙa faɗowa kamar a kan katifa, dattin bai fita ba, ɗaurayar ma ba ta fitar da sabulun duka ba. Ki lura ko kayan jariran suna yin tauri in sun bushe. Nawa har ƙaiƙayi suka riƙa sa wa autana kafin in gane.

Sannan omon hannu daban, na inji daban. Na hannu da gangan aka yi shi mai kumfa. Ki duba a manyan shaguna, za ki ga wanda aka zana hoton inji a jikin ledar, shi ba ya kumfa sosai. Ya ɗan fi tsada, amma tunda kaɗan ake sawa yana daɗewa. Ni cokali uku nake sa wa cikin inji guda. Kayan makaranta masu jar ƙasa a wuya da gwiwa kuwa jiƙa su nake a bokiti tun dare, in ɗan cuɗa wurin, in matse, sannan in zuba a inji.

Kafin ki sake wanki, ki kunna shi ba kaya ba omo, ki tsaya ki kalla. Za ki sha mamakin kumfar da za ta taso daga tsohon sabulun da ya maƙale a ciki.

Falamba, Jekadafari, Gombe

Hajiya sannu. Abin da Hajiyar Bauchi ta faɗa gaskiya ne, amma ni salatef ɗin nan ne ya tsaya mini a rai, kuma aikina ne kullum.

Injin irin naki famfo ne a cikinsa yake turo ruwa da ƙarfi lokaci guda. Bututun da ruwa zai shiga kuma ba wofi yake ba, iska ce a ciki, dole ta samu hanyar fita. In aka naɗe bakin ruf, iskar sai ta cakuɗa da ruwan sabulu, ta ƙara kaɗa kumfar, shi ne gurnanin da kike ji. Wani lokaci ma bututun ya riƙa zuƙo ruwa daga cikin injin tun bai gama wanki ba. A cire salatef ɗin, a ɗaure tiyon da waya ko 'yar igiya don kada ya fizge, a bar sarari a gefensa. Kuma kada tiyon ya nutse ciki da yawa, santimita 15 ya isa, wato bai kai taƙi guda ba. Tsayin bakin bututun daga ƙasa, yawancin littattafan inji suna cewa tsakanin santimita 60 zuwa 100, ki duba na naki in yana nan.

Na biyu, faɗin bututun. Wasunmu suna sa inci ɗaya da rabi, irin na wurin wanke hannu, don sauƙin kuɗi. Ni inci 2 nake sa wa injin wanki. Kumfa ba ta gudu kamar ruwa, ba ta da nauyi, zama take a kowace gwiwar bututu. In ruwa na biyu ya taho sai ya turo ta, ita kuma duk ƙofar da ta fi kusa nan za ta fita. Tunda tana ɓullowa ta rariyar banɗaki, layi ɗaya aka haɗa su ke nan.

Ga gwajin da za ki yi da kanki. Ki zare tiyon, ki cika bokiti biyu da ruwa zalla, ki juye a bututun da sauri ɗaya bayan ɗaya. In ya wuce sumul, hanya a buɗe take, sabulu ne da salatef. In ya tsaya yana sauka a hankali ko ya taso ta banɗaki, akwai toshewa a gaba. Sai a buɗe cambar waje, wato ɗan ramin nan mai murfi da ruwan datti ke bi ta ciki, a duba. Zaren tufafi da gashi da yashin aljihun yara suna haɗuwa da daskararren omo su zama kamar laka. Yanzu kuma damina ce, a duba sokawe ma, in ya cika ba inda ruwa zai je.

A ƙasan injin ta gaba akwai 'yar ƙofa, bayanta matatar famfon take. Ki zare wuta tukuna, ki tara faranti mai zurfi da tsumma, ki murɗa a hankali don ruwa zai fito.

Maganar soket kuwa, Hajiya don girman Allah kada ki sake kunna injin nan sai mai wuta ya ɗaga shi ya kafa a bango, sama da tsayin injin. In kumfa ta sake malalowa kada kowa ya taka wurin sai an kashe wutar daga babban makunni.

Masu injin baki biyu da ke karantawa, naku daban ne. Yawancinsu ba su da famfon zubarwa, tiyonsu a ƙasa ake kwantar da shi, in kun ɗaga ruwan ba zai fita ba.

Maman 'Yan Biyu, Tumfure, Gombe

Na gode Anti, na gode Malam, Allah ya saka da alheri. Na yi gwajin bokitin yanzu. Na farko ya wuce, na biyu ya ɗan tsaya, na ga ruwa ya leƙo ta rariyar banɗaki sannan ya koma. Baban yara ya auna bututun ya ce inci ɗaya da rabi ne. Abin da har yanzu ban gane ba, omon nan shi nake sawa tun rani, gwangwanin ma shi ne, me ya sa sai da damina abin ya tsananta?

Malamar Kimiyya, Yelwa, Bauchi

Maman 'yan biyu, wane ruwa ne a tankinku yanzu? Na san gidaje da yawa a Gombe suna da tankin ƙasa da ake tura ruwansa zuwa na sama, da rani tanka ta kawo ruwa a juye, da damina kuma a karkato indararo ciki. In haka kuke yi, amsar tambayarki ke nan.

Ruwan da ya fito daga ƙarƙashin ƙasa yakan ɗauko sinadaran kalsiyam da magnesiyam daga duwatsu. Su ne ke barin farin ɓawon nan a gindin butar dafa shayi. Suna cinye wani kaso na ƙarfin sabulu kafin ya fara aiki, shi ya sa irin wannan ruwa ba ya saurin kumfa. Ruwan sama kusan babu su a cikinsa. Kin san yadda in kin yi wanka da shi za ki yi ta zuba ruwa santsin sabulu bai bar jikinki ba? To haka yake yi a cikin inji. Gwangwanin da ruwan rani yake iya ɗauka, ruwan sama ba ya buƙatar ko rabinsa. Ni da damina cokali biyu nake sawa, kayan kuma su fita tas.

Gishiri yana ɗan kwantar da kumfar da ta riga ta zubo a ƙasa, amma ban so ki saba zuba shi cikin inji, gishiri da ƙarfe ba sa shiri. In kumfa ta taso ana tsakiyar wanki, ki dakatar da injin, ki dama murfi ɗaya na ruwan laushin kaya a cikin ruwa kamar lita guda, ki zuba ta aljihun omo, ki jira minti goma, sannan ki sa shi ɗauraya. Yana kashe kumfa da sauri. Wasu ruwan khal suke sawa, shi ma yana taimakawa wajen fitar da ragowar sabulu. Amma ki ji wannan da kyau, tunda kina wankin farin kayan jarirai na san ba za ki rasa bilic ba: kada ki taɓa haɗa khal da bilic, ko a inji ko a bokiti ko a cikin rariya. Haɗuwarsu na fitar da iskar kulorin, mai ƙona ido da maƙogwaro da huhu, balle a ɗan lungu kuma ga jarirai a gida.

Maman 'Yan Biyu, Tumfure, Gombe

Salam 'yan uwa, na dawo da labari bayan kwana shida.

Malama, kamar kin shigo gidanmu. Tun ruwan farko Baban yara ya karkatar da indararo zuwa tankin ƙasa, rabonmu da sayen ruwan tanka tun lokacin. Ni ban taɓa kawo wa raina ruwa yana da bambanci a wajen wanki ba.

Mun kira falamba na unguwarmu. Da ya warware salatef ɗin ya jawo tiyon, sai ga shi an cusa shi kusan kamu guda a ciki. A cambar waje ya kwaso dunƙulen zare da yashi cikin shebur biyu, har da tushen wata ciyawa. Sokawe dai da sauransa, alhamdulillahi. Matatar ƙasan injin ni na buɗe da kaina, na samu fil ɗin hijabi uku, ƙwallon dabino, robar gashi da guntun fensir. Mai wuta ma ya zo ya mayar da soket ɗin bango.

Na kunna shi ba kaya ba omo kamar yadda Anti ta ce. Wallahi kumfa ta kai rabin gilashi. Sai a karo na uku ruwan ya fito garau. Na sayo omon inji, jiya na yi wanki biyu da cokali bibbiyu, ko ɗigo bai fito ba, kuma cikin awa ɗaya ya gama. Bututun inci 2 ɗin sai ƙarshen wata, don sai an fasa tayil, falamban ya ce zai raba layinsa da na banɗaki gaba ɗaya.

Surukata ta zo jiya ta tsaya tana kallon gilashin, ta ce ita ba ta ga alamar sabulu ba, anya kayan nan za su fita? Ni ma raina bai gama natsuwa ba sai da na shanya su na duba wuyan rigunan makaranta ɗaya bayan ɗaya. Sun fita, kuma zannuwan goyon sun yi laushi.

Saura tawul-tawul ɗinmu. Na zuba su ba omo ko kaɗan, amma sai da suka tayar da kumfa. Anti, in ci gaba da ɗauraye su haka har ta ƙare, ko in fara jiƙa su a baho?

Uwargida, Fadaman Mada, Bauchi

Madalla ƙanwata, na ji daɗi. Tawul shi ya fi komai riƙe sabulu. Ki jiƙa su a baho da ruwan ɗumi, ki matse ki zubar sau biyu a waje, sannan ki sa su a inji guda uku-uku ba omo. Nawa sai da na yi musu haka sau biyu. Ki gaida 'yan biyu da yayarsu, ya hannun nata?