Ƙarfi ya ƙaru amma damtse bai motsa ba, me ke faruwa a cikin tsoka?

Ɗan_Ƙarfe34:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau mako shida ke nan da na fara ɗaga ƙarfe, sau uku a mako. Ranar farko kilo 8 nake ɗagawa da hannu ɗaya, sai na yi ta nishi kafin in kai goma. Yanzu 12 nake ɗagawa ba wata wahala. Amma jiya da na auna damtsena da tef, santimita 31 ne, yadda yake tun farko. Tsamin jikin da na sha a makon farko, wanda ko riga sai da dabara nake sawa, shi ma ya ɗauke. Wani abokina ya ce in babu tsami aikin banza nake yi. To ƙarfin daga ina ya fito in naman bai ƙaru ba?

Malamar_Bayoloji:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka. Ƙarfin makonnin farko yawancinsa daga jijiyoyin da ke kai saƙo zuwa tsoka yake, ƙwaƙwalwa ce ke koyon yadda za ta tashi zaren tsoka masu yawa a lokaci guda. Naman kuwa a hankali yake tafiya.

A cikin kowane zaren tsoka akwai furotin biyu da ke jan juna, aktin da mayosin, su ne ke sa tsoka ta tsuke. Kullum jiki yana rushe tsofaffi yana gina sababbi, ko kana kwance. Idan ka ɗaga ƙarfe sai ginin ya hau sama na kwana ɗaya zuwa biyu, sannan ya sauka. Ribar kowane zuwa 'yar kaɗan ce, sai ta taru kafin tef ya gani, sau da yawa wata biyu zuwa uku.

Abin da ya fi burge ni shi ne mayosin ɗin kansa iri-iri ne. Akwai nau'in I mai jinkiri da juriya, da IIa, da IIx wanda ya fi kowa sauri amma ya fi saurin gajiya. Kowa zai zaci ɗaga ƙarfe IIx zai ƙara. Ina! Raguwa yake yi, ya koma IIa. Ke nan tsokarka ta riga ta fara canja kaya a ciki, ido ne bai gani ba.

Mai_Sassarfa:
Malama ta gama magana. Ni dai gudu nake yi shekara huɗu, kuma ƙafafuna ba su yi wani kauri ba. Namu canjin daban ne. Gudu yana ƙara mitokondiriya, wato inda ƙwayar halitta ke ƙona mai da sukari da iskar oksijin. Tun 1967 wani masanin kimiyya, John Holloszy, a Amurka ya nuna haka da ɓerayen da ya sa gudu na makonni, sinadaran aikin mitokondiriya a tsokarsu suka kusan ninkawa. Akwai kuma furotin GLUT4 da ke shigar da sukari cikin tsoka, shi ma yana ƙaruwa, shi ya sa likitoci ke matsa wa masu ciwon suga su motsa jiki.

Ɗan_Ƙarfe34:
Na gode Malama, na gode Yaya. Maganar tsamin fa? Abokina cewa yake laktik asid ne, kuma shi ke gina nama.

Malamar_Bayoloji:
Ka gaishe shi, ka ce ya yi kuskure biyu. Laktik ɗin, wato sinadarin da ke taruwa a tsoka lokacin aiki mai tsanani, ba ya wuce kamar awa ɗaya ya bar tsoka, tsamin kuwa sai bayan kwana ɗaya zuwa uku yake kai maƙura. Ƙananan raunuka ne a zaren tsoka da kumburin da ke biyo baya, musamman daga sauke ƙarfe a hankali. Da jiki ya saba sai raunin ya ragu, ginin kuma bai tsaya ba.

Abu ɗaya dai: in wata rana ka wuce gona da iri, ciwo ya yi tsanani har fitsarinka ya koma baƙi-baƙi, kada ka jira. Wani furotin na cikin tsoka ne, mayoglobin, ya zubo cikin jini, yana iya taɓa ƙoda, asibiti za ka nufa. Tef ɗin kuma ka ajiye shi, ka sake aunawa a mako na 12.