A ina kuka taɓa maƙalewa a gem mai fitowa kashi-kashi?

Ɗan Agege:
Salamu alaikum 'yan uwa. Masu buga gem na labari irin wanda ake saki kashi-kashi, don Allah kowa ya faɗa mana inda ya taɓa tsayawa cak ya kasa gaba da abin da ya tsayar da shi. Ni dai fazul ɗin da nake so, wato matsalar da sai ka warware kafin ka wuce gaba, shi ne wanda halin da mutanen ke ciki ya jawo shi. A kashi na 3 na The Walking Dead na 2012, wurin da Lee yake son tayar da jirgin ƙasa, an yage shafin da aka rubuta yadda ake tayarwa, sai ka nemo fensir ka goga a shafin ƙasa rubutun ya fito. Na daɗe ina bulayi a wurin amma raina bai ɓaci ba, don na san an ciji Duck ɗan Kenny, dole a bar wajen, ni ma hankalina a tashe yake.

Mai Gyaran Waya Ikeja:
Wa alaikumus salam Malam. Nawa kwalaben nan ne na Life is Strange kashi na 2, Chloe ta tura Max ta nemo kwalba 5 a bolar tsofaffin motoci. Wlh na ƙarshen nan ta wahalar da ni, kullum in na rufe shago a Computer Village na hau danfo tunaninta nake, kuma babu abin da kwalbar take ƙara wa labarin, kawai ana so a tsawaita kashin ne. Amma fa a kashi na 4 sun gyara, inda kake jera hujjoji a allo kana haɗa saƙonnin waya da hotuna da wurare har ka gano rumbun nan. Can kam na ji ni ne mai binciken.

'Yar Idi-Araba:
Yaya mai gyaran waya ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Garin neman kwalaben ne na shiga ɗan ɗakin da Chloe da Rachel suke ɓuya, na karanta abin da suka rubuta a bango, daga nan na fara jin zafin ɓatan Rachel, ƙawar Chloe da ake nema. Ni inda na tsaya ƙarshen wannan kashin ne, a saman bene da Kate, ƙawar Max da ke shirin faɗowa ta kashe kanta. Tun farko an saba maka da mayar da lokaci baya in ka yi kuskure, to a nan sai aka ƙwace wannan ikon, abin da zai cece ta kawai shi ne ko ka kula da ita tun da safe, ka duba hotunan ɗakinta ka san mahaifinta da ƙannenta mata ne ke ƙaunarta, ka ɗaga wayarta da ta kira. Na ajiye kwanturola na kasa danna komai, ƙanwata tana gefe tana cewa Anti ki zaɓa mana. Babu makulli babu lamba amma ban taɓa ganin fazul mai nauyinsa ba, saboda ana tambayarka ne ko ka saurari mutum.

Baba Obalende:
Madalla 'yata, kin faɗi gaskiya. Amma yarana ku bar ni in yi ƙorafin tsofaffi. Telltale ɗin nan, kamfanin da ya yi The Walking Dead, tsofaffin ma'aikatan kamfanin gem na LucasArts ne suka kafa shi a 2004, kuma da farko yawancin gem ɗinsu na tunani ne, Sam & Max a 2006, Tales of Monkey Island kashi 5 a 2009. Ka tara kaya a aljihu, ka haɗa wannan da wancan, ka kwana da matsala ka tashi da amsa bayan sallar asuba. Haka na maƙale a Monkey Island har sai da na zana taswirar dajin a takarda, kuma daɗin da na ji da na fita ba a magana. Daga 2012 sai fazul ya riƙa raguwa zaɓi ya maye gurbinsa, kuma zaɓin ma ba kullum yake kai ka wani wuri dabam ba. Ka ceci Carley ko ka ceci Doug a kashi na 1 na The Walking Dead, duk wanda ka ceta a kashi na 3 zai tafi. Na fahimci dalili, kowane reshe sai an rubuta shi an ɗauki murya an zana, ga kashi na gaba ana jira. Duk da haka ya dame ni.

Ɗan Agege:
Haka ne Baba, sai dai wanda ya ceci Carley yana samun damar gaya wa mutane tarihin Lee na kisan da ya taɓa yi da bakinsa kafin asiri ya tonu, to ni wannan ya ishe ni bambanci.

Ɗan Mile 12:
Ku kuna maganar tunani, ni inji ne ya tsayar da ni. Wani gem ne, ba zan kama suna ba, na gama kashi uku a tsohuwar laftof da batirinta ya mutu, ana cikin sebin, wato adana inda na tsaya, aka ɗauke wuta kafin maƙwabci ya tada janareto komai ya tafi. Da na buɗe kashi na gaba sai gem ɗin ya zaɓa mini da kansa, wanda na ceta babu shi, wanda muke shiri yana mini magana da gaba. Labarin ya zama kamar rigar aro, ban iya ci gaba ba sai da na koma farko. Ga kuma wuraren da ake cewa danna maɓalli da sauri, hoto ya daskare daidai lokacin, murya ta riga baki, kafin ya saki an cinye ka. Mai rubutu ya yi aikinsa amma in inji na tangarɗa tsoron da aka gina duk ya zube. Yanzu kowane kashi na gama sai na kwafi fayil ɗin sebin a filas.

Hajiyar Alaba Rago:
Sannu ɗana, wannan akwai ciwo. Nawa jira ne. The Wolf Among Us kashi na 1 ya fito Oktoban 2013, na 2 sai Fabrairun 2014, gem na binciken kisa kuma, kafin ya zo na manta wa na zarga da dalilin zargin. A Satumbar 2018 kuma Telltale ya sallami kusan duka ma'aikatansa ana tsakiyar zangon ƙarshe na labarin Clementine a The Walking Dead, kashi 2 cikin 4 kawai suka fito a hannunsu, na tausaya wa mutanen nan sosai, sai kamfanin Skybound ne ya ƙarasa a Maris 2019. Shi ya sa tsarin Dispatch na 2025 ya kwanta mini, kashi 8, biyu duk mako, kana tattaunawa da mutane ba ka manta komai ba.

Mai Gyaran Waya Ikeja:
Ɗan Mile 12 in laftof ɗin tana nan kawo ta ranar Asabar in duba batirin, wani lokacin ana samun na hannu mai kyau. Hajiya, Dispatch ɗin akwai fazul a ciki ko zaɓi ne kawai?