A wane mataki ya kamata a saurari mutanen fadama idan ana tantance haɗarin aiki ga muhalli?

Ɗalibi daga Gashuwa:

Assalamu alaikum. Ina nazari a kan yadda ake tantance haɗarin da manyan ayyukan ruwa ke jawo wa muhalli, kuma dausayin Haɗejiya da Nguru na ɗauka misali domin a gefensa na tashi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, kowane rahoto yana cewa an tuntuɓi masu ruwa da tsaki, amma da wuya ka ga inda maganarsu ta sauya wani abu. Shin aikin na masana ne kaɗai, ko kuwa masunci da manomi da makiyayi suna da abin cewa wanda ma'auni ba zai bayar ba? Idan suna da shi, yaushe ya kamata a kira su?

Malamin gona mai ritaya:

Wa alaikumus salam, ɗana. A kira su tun ranar farko, kafin a yanke shawarar abin da za a auna, domin mai tantancewa yana fara aikinsa ne da tambayar me ake tsoron a rasa, kuma amsarta tana hannun wanda yake ci daga wurin.

Dubi abin da ya faru a yankinku. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, dukansu a kan kogunan da ke haɗuwa su zama Kogin Haɗejiya. Lissafin da aka yi na noman rani ne da ruwan sha na Kano. A da, kogin yakan cika da damina ya malala cikin fadamu, kifi ya hayayyafa, a girbe shinkafa, a shuka wake bayan ruwa ya janye, sannan shanu su shigo kiwo da rani. Da aka koma sakin ruwa duk shekara, magudanan da suka saba bushewa suka daina bushewa, laka ta taru, kachala, wato doguwar ciyawar ruwa, ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa. Ruwa ya karkata ta mashigar Marma zuwa tafkin Nguru yana cinye gonaki, alhali wasu garuruwan da ke can ƙasan kogin suna neman sa ba su samu. Kachalar kuma ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye gero da shinkafa. Da an zauna da sarakunan ruwa tun farko, da sun faɗi cewa bushewar rani ita ma tana da aikinta, kuma wannan magana ce da injiniya mai lissafin yawan ruwa kawai ba lallai ta zo masa a rai ba.

Ma'aikaciyar muhalli:

Na yarda da Malam, sai dai ina da ƙari a kan su wa ake kira. Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta tanadi a baje rahoto ga jama'a, kuma ana ajiye shi kwanakin aiki 21 domin a karanta a yi sharhi. Amma rahoton da Turanci yake, mai kauri ne, kuma a ofisoshi ake ajiye shi. Na taɓa halartar wani taron sauraron jama'a inda hakimi da dagatai suka cika rumfa, aka yi jawabai aka tashi, ba a ji muryar mace ko ɗaya ba, alhali mata ne ke kyafa kifi su sayar, su ne kuma ke saƙa tabarma da kabar da ake yanka a dajin. Fulanin da ke kiwo a fadamar da rani ma ba su nan, domin da damina aka yi taron, sun riga sun tashi. Wannan abu ya daɗe yana damuna. Lokacin taro da harshen da aka yi shi da wurin da aka zauna su ne ke zaɓar wanda za a ji, tun kafin kowa ya buɗe baki.

Injiniyan ruwa daga Kano:

Malam da Hajiya sun faɗi gaskiya, amma kada ɗalibinmu ya ɗauka cewa jama'a baki ɗaya suke magana. Manomin tumatir a Kadawa ta Jihar Kano yana son a riƙa sakin ruwa da rani, masuncin Nguru yana son ambaliyar damina, mai gona a Gashuwa yana son ruwan ya iso gare shi, kuma kowannensu yana da hujja. Shi ya sa ba a raba sauraro da ma'auni: mutane su faɗi abin da suke gani da abin da ba za su iya jure rasawa ba, masana kuma su auna yawan ruwan da lokacinsa, su dawo su nuna wa kowa abin da kowane zaɓi zai ci masa. Takaddamar madatsar Kafin Zaki da aka daɗe ana son ginawa a kan Kogin Jama'are irin wannan ce, Bauchi na ganin amfanin noma, Yobe da Borno na tsoron raguwar ruwan Kogin Komadugu Yobe, wanda Jama'are ke zuba wa ruwa. A 2006 ne jihohi shida da ke yankin waɗannan koguna, wato Bauchi, Borno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe, suka amince su kafa asusun haɗin gwiwa domin kula da ruwan tare. Ina ba ka shawara, a kowane rahoto da ka duba, ka nemi shafin da ya lissafa ƙorafin jama'a, sannan ka bi ka ga ko an rubuta abin da aka yi da kowane ɗaya.